Yadda Ake Haɗa Makwaikwayin Android da Intanet ta Hanyar Kebul

Duk lokacin da aka shiga kakar aikin kammala karatu, ɗaliban kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na Kwalejin Fasaha ta Hassan Usman Katsina sukan zo mini da ƙorafi iri ɗaya: sun jona kebul daga rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet, zuwa kwamfuta, kwamfutar tana buɗe shafuka lafiya lau, amma wayar Android da ke aiki a cikinta ta ce babu intanet. Wannan wayar ita ce masu harkar ke kira imuleta, ni kuma zan kira ta makwaikwayi, tunda aikinta kwaikwayon wayar hannu ne a kan allon kwamfuta domin mai rubuta manhaja ya gwada aikinsa. Saboda kalmar waya a bakinmu tana nufin ta kira, tana kuma nufin ta lantarki, zan riƙa cewa kebul ga igiyar da ake jonawa, in bar waya ga ta hannu.

Akwai abu ɗaya da ya kamata ya zauna a zuciyar mai karatu kafin ya taɓa kowane saiti, shi ne makwaikwayin Android Studio, wato manhajar da ake rubuta manhajojin Android da ita, ba ya ganin kebul ko kaɗan. An gina shi a kan QEMU, manhajar da ke kwaikwayon wata na'ura a cikin kwamfuta, kuma duk lokacin da aka kunna shi yana samar wa kansa wata ƙaramar rauta ta ciki wadda ba ta da jiki, ya zauna a bayanta. Baƙo ne da aka sauke a ɗakin cikin gida. Duk saƙon da zai aika sai ya bi ta hannun maigida, wato kwamfutar, kuma na waje ba su san yana nan ba. Adireshin wannan rauta ta ciki 10.0.2.1 ne, makwaikwayin kansa yana riƙe da 10.0.2.15, sabar DNS ta farko, wato mai fassara sunan shafi zuwa adireshin lamba, tana 10.0.2.3, sannan 10.0.2.2 laƙabi ne na kwamfutar da ke ɗauke da shi. Ko kebul aka jona ko Wi-Fi, waɗannan lambobi ba sa canzawa. Shi ya sa wanda ya shiga saitin wayar yana neman inda aka rubuta Ethernet zai ɓata lokacinsa: alamar Wi-Fi mai suna AndroidWifi zai ci gaba da gani, ko alamar data ta layin salula, alhali kuwa komai ta kebul yake fita. Gyaran yana wajen maigida, kuma daga can za mu fara.

Kebul da kwamfuta

Mataki na farko shi ne a tabbatar kebul ɗin kansa yana da lafiya. Cat5e ya wadatar, domin yana ɗaukar gigabit ɗaya a tsawon da bai wuce mita 100 ba, kuma babu ɗakin gwaji ko shagon da na sani a garin nan da ke buƙatar fiye da haka. A tura kan RJ45 cikin ɗaya daga ramukan LAN na rauta har a ji ya yi ƙas, a kula kada a sa shi a ramin WAN, wanda galibi launinsa daban ne. Idan ramin kwamfutar yana da ƙananan fitilu, ɗaya za ta tsaya a kunne, ɗaya ta riƙa ƙiftawa. A lokacin hunturu ƙura takan cika waɗannan ramuka, musamman a kwamfutar da ta daɗe ba a jona mata kebul ba, don haka a hura a share kafin a yanke hukuncin cewa katin ya mutu. Ƙananan kwamfutocin cinya na yanzu da yawa ba su da ramin ma gaba ɗaya, sai an sayi adafta mai shiga ta USB.

Wanda ya matse kan kebul da hannunsa ya duba jerin launuka a kawunan biyu. A tsarin T568B, wanda aka fi bi, ana farawa da fari mai ratsin lemo, sai lemo, sai fari mai ratsin kore, sai shuɗi, sai fari mai ratsin shuɗi, sai kore, sai fari mai ratsin ƙasa-ƙasa, a rufe da ƙasa-ƙasa. Gigabit yana buƙatar duka silli takwas ɗin. Idan ɗaya daga cikin shuɗi ko ƙasa-ƙasa bai taɓa ba, haɗin zai iya tashi amma ya tsaya a megabit 100.

Bayan haka a kashe Wi-Fi na kwamfutar na ɗan lokaci, a buɗe Command Prompt a rubuta:

`ipconfig /all`

A nemi sashen da ke ɗauke da sunan Ethernet adapter. Abubuwa uku ake dubawa: adireshin IPv4, da Default Gateway, da DNS Servers. Rautocin gida, irin na 4G da ake saye a ofisoshin kamfanonin layi, sukan ba da adireshi mai farawa da 192.168, ita rautar kuma ta riƙe 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Idan aka ga Media disconnected, kebul bai haɗu ba. Idan kuwa adireshin ya fara da 169.254, kebul ya haɗu amma rauta ba ta ba kwamfutar adireshi ba, Windows ce ta ƙago wa kanta ɗaya. A sake kunna rautar, a gwada wani ramin, kuma idan a makaranta ne ko ofis a tambayi mai kula da sadarwar wurin ko da hannu ake shigar da adireshi. A Linux umarnin `ip addr` da `ip route` suna nuna waɗannan bayanai. A rubuta lambobin uku a takarda, za a buƙace su nan gaba. Kada a wuce wannan mataki sai burauzar kwamfutar ta buɗe shafi da kebul kaɗai.

Inda matsalar ta fi ɓuya

A iya abin da na gani, mafi yawan ƙorafin a nan yake. Makwaikwayi yana karanta jerin sabobin DNS na kwamfutar sau ɗaya ne tak, a lokacin da yake tashi. A Windows yana tambayar tsarin kai tsaye, a Linux da macOS kuma yana karanta fayil ɗin /etc/resolv.conf. Abin da ya samu a wannan lokacin shi zai ɗora a kan 10.0.2.3 da lambobin da ke biye da ita, ba zai sake dubawa ba. To ga abin da ke faruwa da ɗalibi: ya kunna makwaikwayin da safe a ɗakinsa a kan intanet ɗin da wayarsa ke rabawa, ya rufe murfin kwamfutar, ya hau Keke Napep ya zo ɗakin gwaji, ya jona kebul. Kwamfutar ta koma sabuwar hanya, shi kuwa makwaikwayin yana ta aika tambayar sunayen shafuka zuwa ga sabar da aka baro a gida. Haka nan kwamfutar da ke da kati biyu, na kebul da na Wi-Fi, ko wadda aka girka wa VPN, tana iya miƙa masa sabar katin da ba ya aiki a farkon jeri.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama. A buɗe Chrome na cikin makwaikwayin, a rubuta adireshin rauta da aka kwafa a takarda, misali 192.168.0.1. Idan shafin shiga rautar ya bayyana, hanyar daga makwaikwayi zuwa kebul a buɗe take, fassarar sunaye ce kawai ta tsaya. Na fifita wannan gwajin a kan ping, umarnin da ke aika ɗan saƙo don a ga ko wata na'ura za ta amsa, domin rautar ciki ta makwaikwayi an yi ta ne don TCP da UDP, ba kullum take wucewa da saƙon ICMP da ping ke aikawa ba, sai ping ya gaza alhali intanet yana nan, mutum ya shiga gyaran abin da bai lalace ba.

Gyaran farko shi ne a tada makwaikwayin daga tushe. Rufe shi da sake buɗewa bai isa ba, domin yakan adana hoton halin da yake ciki ya ci gaba daga nan. A shiga Device Manager na Android Studio, a danna ɗigo ukun da ke gefen sunan wayar, a zaɓi Cold Boot. A yi hattara da Wipe Data da ke kusa da shi, wannan yana share duk manhajoji da bayanan da ke cikin wayar, kuma ba a buƙatarsa a nan.

Idan hakan bai warware ba, sai a gyara fifikon katunan. A Windows a danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta `ncpa.cpl`, a danna Ethernet da maɓallin dama na linzami, a shiga Properties, a zaɓi Internet Protocol Version 4, a sake shiga Properties, sannan Advanced. A cire alamar da ke kan Automatic metric a rubuta 10. A yi wa katin Wi-Fi haka amma a ba shi 50, domin ƙaramar lamba ita ce ke gaba. Wanda ba ya buƙatar Wi-Fi a lokacin aiki zai iya danna Disable a kansa ya huta. A macOS ana samun wannan a saitin Network ƙarƙashin Set Service Order, a ja Ethernet zuwa sama. Bayan kowane canji sai an sake yin Cold Boot, in ba haka ba makwaikwayin ba zai san an yi komai ba.

Hanyar da ni na fi amincewa da ita ita ce a faɗa wa makwaikwayin sabar da zai yi amfani da ita ƙarara. A buɗe tagar umarni a cikin jakar emulator ta SDK, wadda a Windows take %LOCALAPPDATA%\Android\Sdk\emulator, a Linux kuma ~/Android/Sdk/emulator. A fara duba ainihin sunan wayar:

`emulator -list-avds`

Sannan a kunna ta da sunan da ya fito, a ce Pixel_6_API_33 ne:

`emulator -avd Pixel_6_API_33 -dns-server 8.8.8.8,1.1.1.1 -no-snapshot-load`

Lamba ta farko sabar Google ce, ta biyu ta Cloudflare, ana raba su da waƙafi ba tare da tazara ba, kuma ana iya jera har huɗu. Kalmar ƙarshe ita ce ke tilasta tashi daga tushe. Sai dai a sani cewa wasu makarantu da ofisoshi suna toshe sabobin DNS na waje, wasu kuma suna da sunayen sabobinsu na cikin gida waɗanda Google bai san su ba. A irin wannan wuri, lambar DNS da aka kwafa daga `ipconfig /all` ita za a sa. Abin lura kuma, makwaikwayi ba ya duba fayil ɗin hosts na kwamfutar, don haka sunan da aka ƙirƙira a can ba zai yi aiki a cikinsa ba.

Abubuwa biyu suka rage a wannan babi. Idan wurin yana fita intanet ta furoksi ne, wato sabar da ke tsakiya wadda duk saƙo sai ya bi ta kanta, a danna ɗigo ukun da ke gefen tagar makwaikwayin don buɗe Extended Controls, a shiga Settings, sannan Proxy, a zaɓi Manual proxy configuration a shigar da adireshi da lambar ƙofa, wato port. Idan ba a ga shafin Proxy ba, a kunna makwaikwayin daga tagar umarni domin ya fito a tagarsa ta kansa. Idan kuwa babu furoksi a wurin, a tabbatar ba a bar wani tsohon saiti ba. Na biyu shi ne agogo. Tsofaffin kwamfutocin da yawancinmu ke saye sau da yawa ƙaramin batirin agogonsu ya mutu, kwanan wata ya koma baya da shekaru, makwaikwayin kuma daga kwamfutar yake ɗaukar lokaci, sai duk shafin HTTPS ya ƙi buɗewa saboda takardar shaidarsa ba ta dace da kwanan watan ba. Na taɓa kwashe yini guda ina bin DNS a kan kwamfutar wani ƙanena kafin idona ya kai ga agogon.

Magana da sabar da ke kan kwamfutar

Yawancin ayyukan ɗalibai suna da ɓangare biyu, manhajar waya da kuma saba da aka rubuta da PHP ko Node. Kuskuren da aka fi yi shi ne rubuta localhost ko 127.0.0.1 a cikin manhajar. A cikin makwaikwayi wannan adireshi yana nufin wayar kanta. Kwamfutar ana kiranta da 10.0.2.2, don haka sabar Laravel da ke sauraro a ƙofa ta 8000 za a same ta a http://10.0.2.2:8000, ta XAMPP kuma a http://10.0.2.2 kawai, tunda Apache yana ƙofa ta 80. Wanda ya fi son ya ci gaba da rubuta localhost zai iya amfani da wannan umarni na adb, manhajar da kwamfuta ke magana da wayar Android da ita, wanda ke aiki daga Android 5.0 zuwa sama:

`adb reverse tcp:8000 tcp:8000`

Amfaninsa shi ne adireshi ɗaya zai yi aiki a makwaikwayi da kuma wayar gaske da aka jona ta USB, amma sai an sake shi duk lokacin da aka sake kunna wayar.

Idan Chrome na cikin makwaikwayin ya buɗe sabar amma manhajar ta ƙi, laifin ba na kebul ba ne. A duba AndroidManifest.xml a tabbatar akwai izinin android.permission.INTERNET. Sannan tun daga Android 9, wato API 28, manhaja ba ta da damar amfani da HTTP mara sirri sai an buɗe mata. Mutane sukan sa android:usesCleartextTraffic="true" su wuce, amma ina ba da shawarar a yi fayil ɗin network_security_config.xml a buɗe wa 10.0.2.2 kaɗai, domin abin da aka sa da niyyar gwaji yakan bi manhaja har hannun jama'a idan aka manta da shi, kuma manhajar da ke ɗauke da sakamakon ɗalibai ko lissafin ƙungiyar adashi ba ta cancanci wannan sakacin ba.

Idan sabar tana kan wata kwamfutar daban da ke jone da rauta ɗaya, adireshinta na 192.168 za a rubuta kai tsaye, makwaikwayin zai kai gare ta ta kebul. Sharaɗin shi ne sabar ta saurari kowa, kamar `php artisan serve --host=0.0.0.0`, kuma a buɗe mata ƙofar a katangar tsaro ta waccan kwamfutar. Tunda ana yawan ɗauke wuta, rauta na iya mutuwa ta dawo ta rarraba sababbin adireshi, manhajar da ke aiki da safe ta daina da rana. Maganinsa a shiga shafin rautar a keɓe wa kwamfutar sabar adireshi na dindindin, kuma in da hali a ɗora rautar a kan inbata.

Idan na waje ne ke son shigowa

Wani lokaci manhajar da ke cikin makwaikwayin ce ke sauraro, ana so a kira ta daga waje. Tunda baƙon yana ɗakin ciki, sai an buɗe masa ƙofa:

`adb forward tcp:5000 tcp:6000`

Duk abin da ya zo ƙofa ta 5000 a kwamfutar zai wuce ƙofa ta 6000 a wayar. Wannan na TCP ne kawai. Mai buƙatar UDP sai ya shiga ta `telnet localhost 5554`, wadda ita ce ƙofar umarni ta makwaikwayi na farko, na biyu kuma 5556, ya rubuta `auth` tare da kalmar sirrin da ke cikin fayil ɗin .emulator_console_auth_token a jakarsa ta gida, sannan `redir add udp:5000:6000`. Duka hanyoyin biyu suna sauraro ne a cikin kwamfutar kaɗai. Don wata na'ura a kan rautar ta iso, a Windows ana buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa a ƙara wannan, a ce adireshin kwamfutar 192.168.0.20 ne:

`netsh interface portproxy add v4tov4 listenaddress=192.168.0.20 listenport=5001 connectaddress=127.0.0.1 connectport=5000`

Sai a buɗe ƙofa ta 5001 a katangar tsaro. Da an gama gwajin a rufe ta.

Gada, ga mai buƙatar adireshin kansa

Akwai aikin da duk waɗannan dabaru ba za su yi masa ba. Manhajar da ke neman firinta ko wata na'ura a cikin gida da kanta, ta hanyar watsa saƙo ga kowa, ba za ta sami komai daga bayan rautar ciki ba, domin makwaikwayin Android Studio ba ya wucewa da irin wannan saƙon na taro. A nan ake buƙatar wayar ta fito ta zauna a zaure, ta karɓi adireshinta daga rautar gaske kamar kowace na'ura, abin da ake kira gada ko bridge. Hanya mafi sauƙi ita ce a girka Android-x86, wato Android da aka yi don kwamfuta, a cikin VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar injin kwaikwayo a cikin kwamfuta, kuma a nan ne kebul ke nuna fifikonsa na gaskiya, domin gada a kan Wi-Fi tana da tangarɗa, tunda yawancin katunan Wi-Fi ba sa yarda na'ura biyu su fita ta kansu da lambar MAC daban-daban, wato lambar shaidar katin sadarwa, katin kebul kuwa bai damu ba.

A kashe injin na VirtualBox gaba ɗaya, a shiga Settings, sannan Network. A Adapter 1, a canza Attached to daga NAT, wato zaman bayan rautar ciki, zuwa Bridged Adapter. A wurin Name a zaɓi katin kebul, wanda sunansa yakan ƙunshi Realtek PCIe GbE ko Intel Ethernet Connection, a guji duk mai ɗauke da Wireless. A ƙarƙashin Advanced a bar nau'in kati a Intel PRO/1000 MT Desktop, a tabbatar Cable Connected yana da alama. Idan aka kunna Android-x86 9.0, za a ga wani Wi-Fi mai suna VirtWifi. Shi ne kebul ɗin, an sa masa rigar Wi-Fi ne saboda manhajojin da ba sa aiki sai sun ga Wi-Fi. A danna shi ya haɗu. Daga nan a danna Alt da F1 don shiga allon umarni, a rubuta `ip a`, a duba ko an sami adireshi mai kama da na kwamfutar, a koma da Alt da F7. Idan adireshin 10.0.2.15 ne, har yanzu ana kan NAT, a sake duba saitin. Idan kuwa ya fito, a ce 192.168.0.35, daga kwamfutar a rubuta:

`adb connect 192.168.0.35:5555`

Android Studio zai ga injin a jerin wayoyinsa, kuma yanzu kwamfutar ana kiranta da adireshinta na 192.168, domin laƙabin 10.0.2.2 ba ya aiki a kan gada. Don kada adireshin ya riƙa canzawa, a kwafi lambar MAC da ke shafin Advanced, wadda a VirtualBox take farawa da 080027, a keɓe mata adireshi a rautar. Genymotion, wani makwaikwayin Android na daban, shi ma yana ba da zaɓi tsakanin NAT da Bridge a saitin kowace waya.

Gada tana da nauyin da ya kamata a ɗauka da gaske. Ƙofa ta 5555 a buɗe take ga duk wanda ke kan wannan rauta, kuma wanda ya shiga ta nan zai iya girka manhaja ko kwashe fayil, don haka ba na yin gada a gidan intanet na haya ko a sadarwar da jama'a ke rabawa, kuma ba na shigar da asusuna na gaske a cikin injin gwaji. A makaranta ko ofis kuma, wasu masu kula da sadarwa sukan saita kowane ramin bango ya karɓi lambar MAC ɗaya tak, ta yadda na'ura ta biyu na bayyana ramin zai rufe, har kwamfutar ma ta rasa intanet. A je a yi sallama da mai kula da wurin, a faɗa masa abin da ake son gwadawa, a ba shi lambar MAC ta injin ya shigar da ita kafin a kunna.